Waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar: ina ya kamata mu leƙa bayan otal?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. In Allah ya yarda ni da maigida za mu je Zanzibar bayan sallah. Duk wanda na tambaya sai ya ce Nungwi, alhali ni ba kwanciya a bakin teku nake son in biya kuɗin jirgi in je in yi ba. Ina son in ga daji da ƙauyuka. Don Allah wanda ya je ya faɗa mini abin da idonsa ya gani.

Bakatsine: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki fara da dajin Jozani, yana tsakiyar Unguja, babban tsibirin Zanzibar, a kan hanyar ƙauyen Paje. Akwai birai masu jan baya da farin gashi a ka, waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya sai Zanzibar. Ba sa tsoron mutane, na ga uwa da ɗanta a reshe kusa da kaina tana tsinkar ganye. Mai rakiyarmu ya ce har gawayi suke ci don ya kashe musu dafin wasu ganyayyakin. Daga nan akwai gadar katako da ta ratsa itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Ku je da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin.

'Yar Damagaram: Yaya, ni Jambiani ce ta tsaya mini a rai. Ƙauye ne dogo a gabar gabas, gidajen dutsen murjani da bishiyoyin kwakwa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yadda teku ke janyewa sau biyu a rana, ya yi nisa har ki ga ƙasa fili kamar fadama bayan damina. A lokacin ne mata ke shiga da zannuwansu su duba gonakin ciyawar teku, sun kafa turaku sun ɗaura igiyoyi, ciyawar na girma a jiki. Su tsinko, su shanya, a sayar, wasu kuma su yi sabulu da ita. Aiki ne mai wuya ƙwarai, a duƙe cikin ruwa da rana. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hotonsu, kuma ki sa takalmi saboda halittu masu ƙaya da ke cikin ruwan.

Bakatsine: Gaskiya ne. Shi ya sa masu son iyo ke zaɓar Nungwi, can ruwan ba ya janyewa sosai. Kuma kada a raina ta, a bakin tekunta ake sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu.

Malamin Makaranta: Hajiya, in za ku iya, ku gangara kudu zuwa Kizimkazi. Mutane na zuwa don kallon dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi, amma ni ban ji daɗin yadda kwale-kwale da yawa ke bin dabbobin nan a guje ba, ban kuma ba da shawarar shiga ba. Abin da ya kai ni shi ne tsohon masallacin Dimbani. A jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107. An sake gina mafi yawansa a ƙarni na 18, amma rubutun na nan, kuma har yau ana sallah a ciki. Na yi azahar tare da masunta, muka gaisa da ɗan Larabcin da ya haɗa mu.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, Malam. Gonakin kayan ƙamshi fa?

'Yar Damagaram: Ki je na wajen Kizimbani, ba nisa da Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. A can na fara ganin kanumfari a bishiyarsa, ashe tohon fure ne ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Kirfa kuma ɓawon itace ce, a gabanki za a ɓare. Mafi yawan kanumfarin dai daga tsibirin Pemba yake fitowa. Sai ku kauce wa watan Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai ƙarfi ne, hanyoyin gonakin duk taɓo suke zama.