Wa Ya Ba Shi Bindigar?

Tsohon Malami:

Da sunan Allah nake farawa,
Tambaya ce da ni, ku zo amsawa.

Shugaban da jama'arsa ba sa so,
Wa ke ba shi ƙarfin daɗewa?

Ku dubi Kwango a 1961,
Firaminista Lumumba na tsare, sai kashewa.

Da hannun Beljiyam dumu-dumu ciki,
Amurka ma ta so a yi kawarwa.

Mobutu ya hau a 1965,
Shekara 32 ba ya gusawa.

Dala na shiga ta ƙofar fada,
Talaka na waje yana ramewa.

Sun san da satar, sun san da kisan,
Don yana nasu ba su tsawatawa.

Da Yaƙin Cacar Baka ya zo ƙarshe,
Suka juya baya ba waiwayawa.

Ya mutu a Maroko a 1997,
Bashin da ya ci ya bar wa masu tasowa.

Matashi Mai Tambaya:

Baba, na ji, kuma ban musa ba,
Kwango kaɗai ba ta ishe mu misali ba,
Iran ma a 1953 ba su ƙyale ta ba,
Firaminista Musaddik ya ce mai na ƙasa ne, suka tumɓuke shi.

Ingila da Amurka suka haɗa kai,
Suka tokare Shah, suka ba shi makamai,
'Yan sandan cikinsa na azaba ba tausai,
Sai a 1979 jama'a suka kore shi.

Chile ta zaɓi Allende da ƙuri'a,
A 1973 soja ya take shari'a,
Pinochet ya hau ya gallaza wa jama'a,
Washinton ta sani, ta kuma rungume shi.

Dala biliyan 1.3 a duk shekara,
Sojan Masar ke karɓa, makami yake ƙara,
An kifar da Mursi a 2013, duniya na saurara,
Juyin mulki ne, Amurka ta ƙi ambaton shi.

Shi ya sa da na ga tutar Rasha
A titin Bamako, na ce ga ruwan sha,
Tsohon ubangida ya iso ƙarshen tasha,
Sabon aboki ya zo, me zai hana a karɓe shi?

Yaya Mai Lura:

Ƙanena, zafin da ka ji na ji shi,
Amma tsaya mu gaya wa juna gaskiya.

Tankokin da suka shiga Budafes ta Hangari a 1956,
Daga Mosko aka turo su, ba Birtaniya.

A 1968 suka sake afka wa Prag,
Don mutanenta sun nemi a buɗe musu hanya.

Mangistu na Habasha wa ya cika masa rumbu?
Tarayyar Sobiyet, yana kisa ba kunya.

Jiragen Rasha sun iso a 2015,
Suka tallafi Asad da ruwan wuta a Siriya.

A Disamban 2024 ya tsere Mosko,
Iyaye na neman 'ya'yansu a kurkukun Sadnaya.

A garin Mura na Mali, Maris ɗin 2022,
An kashe aƙalla 500, in ji Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sojan ƙasar ne tare da baƙin sojoji,
Ranar kasuwa aka yi wa garin ƙawanya.

Harsashin nan na Gabas ne ko na Yamma?
Uwar da ke kuka ba ta wannan tambaya.

Mai Aikin Jinya:

Baba da Yaya, ina da 'yar magana,
Ku yi haƙuri ku ba ni izini.

Ba duk taimako ne ke zuwa bariki ba,
Kar mu haɗa bindiga da magani.

Shirin PEPFAR da Amurka ta fara a 2003,
Ya kai wa miliyoyin masu ƙanjamau magani.

Na ga wadda aka cire rai da ita,
Ta miƙe ta yi goyo a idona, ni na gani.

In muka ce a datse komai gaba ɗaya,
Ita za ta fara faɗuwa, wannan ke damuna ni.

Tsohon Malami:

'Yata, kin yi daidai, Allah ya yi albarka,
Maganin mara lafiya ba na hanawa.

Kukana kan kuɗin da ke raba
Mai mulki da waɗanda yake mulkawa.

Wanda harajin jama'a ke ciyar da shi,
Dole ya saurare su in suna kokawa.

In albashin sojansa daga waje yake zuwa,
Fushin talaka ba ya razanarwa.

Jakada ɗaya ya fi masa gari guda,
Shi yake wa lallashi da durƙusawa.

Kuma ɗana, kar mu wanke namu hannun,
Sai bango ya tsage ƙadangare ke kutsawa.

Mobutu ɗan Kwango ne, ba baƙo ba,
Lumumba da kansa ya yi masa ɗaukakawa.

Matashi Mai Tambaya:

Yaya, kin ɗaure ni da jijiyata,
Ban san labarin Mura ba sai da kika karanta,
Amma zuciyata ba ta daina ƙuna ba, ki gafarta,
Wanda aka ɗaure wa gindi, an taɓa hukunta shi?

Yaya Mai Lura:

An taɓa, ƙanena, ka dubi Chadi,
Hissène Habré ya yi shekara 8 bisa kujera.

Amurka da Faransa suka ba shi makami,
Don ya tare musu Gaddafi a bakin Sahara.

Kwamitin bincike ya ce mutum 40,000,
Aka hallaka a mulkinsa, duk in an tara.

Wurin ninƙaya ya mayar kurkukun ƙarƙashin ƙasa,
Ana cusa mutane ciki, ana ta ƙara.

Ya faɗi a 1990 ya gudu Sanagal,
Waɗanda suka tsira suka ƙi su saurara.

Shekara 25 suna neman a yi musu shari'a,
Da sunayen mamatansu da suka tattara.

Mata suka tsaya a Dakar gabansa,
Suka faɗi abin da aka yi musu ba tare da shakka ko tsoro ya tsare su ba, a bainar jama'a, da murya mai ƙara.

A 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai,
A 2021 ya mutu yana fursuna, ba a sassauta hukunci ba ko ƙwara.

Waɗanda suka aiko masa da bindigar,
Ba wanda aka kira kotun a cikinsu, ko a shekara.