Wane suna za mu ba "subsetting"? Ni dai na tsaya a kan tsakure

1/ Jama'a, masu aiki da hotunan tauraron ɗan Adam, ina neman shawararku. Akwai aikin da ake kira subsetting da Turanci, har yau ban ji mun daidaita kan sunansa da Hausa ba.

2/ Ga yadda abin yake. Tun 2008 da hukumar USGS ta Amurka ta buɗe taskar hotunan taurarinta na Landsat kyauta, kuɗin hoto ya daina zama damuwa, sai yawansa. Hoto ɗaya faɗinsa ya kai kusan kilomita 185, alhali kai tafki guda kake bibiya. Sai ka shiga manhajar intanet irin AppEEARS ta NASA ko Google Earth Engine, ka zagaye tafkin a taswira, ka sa daga rana kaza zuwa rana kaza, ka nuna zangon hasken da kake buƙata, wato rukunin haske kamar ja ko shuɗi. Iya wannan za a miƙo maka, ba sai kwamfutarka ta kwana tana saukar da abin da ba ruwanka da shi ba.

3/ Da yawa suna cewa "yanka". Ya dace da wuri, amma a nan ya tsaya. Na'urar ɗaukar hoto ta MODIS, da ke kan taurarin NASA, tana da zangon haske 36. In ka ɗauki biyu kacal, ja da maƙwabcinsa da ido ba ya gani, don auna koren tsirrai, me ka yanka? Taswirar tana nan yadda take.

4/ "Gutsure" yana nuna asalin ya ragu, taskar kuwa ba a taɓa ta ba. "Tacewa" a bar wa cire hotunan da gajimare ya rufe, can ne gurbinta.

5/ Tsakure fa? Mun saba da shi a rubutu: ka ciro ɗan abin da kake so daga babban littafi, littafin na nan cif. Yana ɗaukar duka ukun: tsakuren wuri, tsakuren lokaci, tsakuren zango. Abin da ya fi burge ni shi ne aikatau ɗinsa. In na ce "tsakuro mini watan Agusta", wasalin ƙarshe kaɗai ya nuna abin zai taho wurina, zaɓe da saukewa sun haɗu a kalma ɗaya. Kayan aikin kuma mu kira su manhajojin tsakure.

6/ Wanda ke da kalmar da ta fi wannan ya kawo ta, amma ya fara gwada ta a kan ukun nan: wuri, lokaci da zango.