Neman kalma: lithophile da 'yan'uwanta, kafin Alhamis

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin kimiyya na rediyo, rubutun kuwa ya cije mini a wuri guda. Magana ce kan yadda Victor Goldschmidt, masanin nan na ƙasar Nowe, ya kasa sinadarai gida huɗu a shekarun 1920: lithophile, siderophile, chalcophile, atmophile. Na rubuta "masoya dutse, masoya ƙarfe, masoya tagulla, masoya iska", furodusa ta ce sai ka ce filin gaishe-gaishen samari. Kalmar bond ma, wato abin da ke riƙe ƙwayar zarra da 'yar'uwarta, ban samo mata komai ba. A agaza.

Malamin Kemistiri: Wa alaikumus salam. Fara cire tagulla. Gaskiya ne a Girkanci tushen kalmar jan ƙarfe yake nufi, amma abin da 'yan wannan rukuni ke manne wa kibiritu ne, farar wuta. Tozalin dutse mai ƙyallin nan da iyayenmu mata ke niƙawa, dalma ce haɗe da kibiritu. Rukunin farko ma, wato lithophile, oksijin suke bi, shi ne kusan kashi 46 cikin 100 na nauyin ɓawon ƙasa, silikon na biye da kusan 28. Kuma furodusarka ta yi gaskiya, babu so a ciki. Elektiron ɗin da ke zagayen waje na ƙwayar zarra su ke yanke hukunci. Sodiyam, kalsiyam da aluminiyam suna sakin nasu da sauƙi, oksijin ya cafe, su zama dutse. Dalma da azurfa ba sa saki gaba ɗaya, tarayya suke yi da kibiritu. Zinari da nikel kuma narkewa suke cikin ruwan ƙarfe, shi ya sa lokacin da duniya take narke mafi yawansu suka nutse da ƙarfen zuwa cibiyarta, aka bar mu da ɗan kaɗan a sama.

Ɗan Jos: To ai da sauƙi. 'Yan dutse, 'yan ƙarfe, 'yan farar wuta, 'yan is... a'a, na janye.

Mai Fassara: Haba Ɗan Jos! In ce wa Hausawa naitirojin ɗan iska ne, dalma kuma 'yar wuta? So kake a kore ni daga aiki.

Baban Kamus: Kuna ta wahalar da kanku alhali harshe ya riga ya ba ku ma'auni. Yadda muke da ci-rani da bi-bango, haka za a ce bi-dutse, bi-ƙarfe, bi-kibiritu, bi-iska. Gajeru, ba sa sarƙe harshe a gaban makirufo. Amma abin da ya fi damuna shi ne bayanin Malam. Oksijin, elektiron, silikon, ina Hausar take? Na daɗe ina cewa oksijin iskar rai ce, elektiron kuma ɗan-walƙiya. In ba mu saka su a rediyo ba, yaushe za su kama?

Malamin Kemistiri: Allah ya ƙara girma Baba, iskar rai tana aiki a asibiti. Cikin dutse fa? Oksijin ɗin da ke cikin yashi ba iska ba ne, ba ya kuma ba kowa rai. In na ce kusan rabin nauyin dutse iskar rai ce, ɗalibi zai ɗauka in ya fasa dutsen zai shaƙa.

Baban Kamus: Sai a koya masa. Bature ma ba a haife shi da sanin oksijin ba. Ku 'yan boko da kun ga kalmar Turanci sai jikinku ya mutu.

Bamaraɗiya: Baba, da izini. Zarra daga ina ta zo? Kibiritu fa? Larabci ne, kuma ba ka kore su ba. Ashe aron da ya tsufa ne kawai ke zama ɗan gida. Sannan ku mutanen Najeriya kun saba ku yanke kalma a Kano ko Zariya ku ce ta Hausa ce, ba ku tambayi kowa ba. Mu da Faransanci muka yi karatu, amma elektiron da oksijin kusan haka muke faɗinsu, to su ne ma suka haɗa mu da ku. Ɗan-walƙiya babu wanda zai gane shi a Maraɗi ko Damagaram. Yuraniyam na Arlit, a arewacin Nijar, ma ɗan rukunin farko ne, in za a ba da misali a tuna da mu.

Baban Kamus: 'Yata, Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, kada ki haɗa shi da baƙon jiya.

Bamaraɗiya: Baƙon jiya ne ya kawo rediyon da za a karanta bi-dutsen naka a ciki.

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan hanya, yau Talata.

Ɗan Jos: Ni ƙorafina kan "bi" ne, ya yi kama da doka. Kuza a jadawalin da aka koya mana tana gidan kibiritu, amma wadda aka yi ta haƙa a Filato haɗe take da oksijin. Rabon nan karkata ce kawai, yanayin wurin na iya juya ta. Kuma akwai abin da rubutunka ba zai rasa ba: kolumbayit ɗinmu, ma'adinin da ke ɗauke da niyobiyam da tantalam. Niyobiyam da tantalam kullum tare ake samunsu, don girman ayon ɗinsu, wato ƙwayoyin zarrarsu masu caji, kusan ɗaya ne, cajinsu kuma 5 ne dukkansu. Goldschmidt ɗin ne dai ya ce in bambancin girman bai kai kashi 15 cikin 100 ba, ɗaya na iya shiga mazaunin ɗaya a cikin ma'adini. Haka ƙarfe da magneziyam suke yi cikin ma'adinin olibin.

Mai Fassara: Yana ciki, na sa masa "maye gurbi".

Malamin Kemistiri: Wannan ya zauna. Saura bond. Ni a aji "ƙulli" nake cewa, ya fi "alaƙa" ƙarfi, ya fi "ɗauri" nisa da gidan yari. Ƙullin bayarwa in ɗaya ya saki elektiron ɗaya ya karɓa, kamar a gishiri. Ƙullin tarayya in sun riƙe tare. Na ƙarafa kuwa ina ce masa ƙullin gandu, tunda elektiron ɗin ba na kowa ba ne shi kaɗai, na gida ne baki ɗaya.

Bamaraɗiya: Gandu ya yi mini. Sai dai ƙulli a wajenmu yana iya tuno da na boka.

Baban Kamus: To ga shi Malam ya iya ƙirƙira in ya ga dama. Gandu na karɓa hannu biyu. Me ya hana ɗan-walƙiya?

Malamin Kemistiri: Jarrabawa, Baba. Yaron da ya haddace ɗan-walƙiya zai tarar da elektiron a takarda.

Mai Fassara: Ga abin da zan miƙa. Mabiya dutse, mabiya ƙarfe, mabiya kibiritu, sai in ƙara da cewa yawanci ne, saboda kuzar Ɗan Jos. Ƙulli zan riƙe. Zan kuma kawo abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda duwatsun zinarin da ake niƙawa cikin gidaje a Anka da Bukkuyum ke ɗauke da dalma, yara fiye da 400 suka rasu, don mai sauraro ya san amfanin sanin wane sinadari ke zama kusa da wane. Na huɗun ne har yanzu ban iya furtawa ba tare da dariya ba. Ƙila in ce mazauna sararin sama.

Ɗan Jos: Ka karya jerin ke nan, uku mabiya, ɗaya mazauni.

Mai Fassara: Gara jeri ya karye da a yi ta kirana a waya.

Baban Kamus: "Mabiya" ai bi-dutsena ne kuka sa wa babbar riga. Ku je da shi. Amma a nawa rubutun ɗan-walƙiya zan ci gaba da sawa, kuma a Alhamis ɗin zan kunna in ji yadda za ka furta niyobiyam.