Tambaya kan ƙananan mutum-mutumin kaburburan tsohuwar Masar

Malamin firamare, Gwaram:
Assalamu alaikum. Wani ɗalibina ya nuna mini hoto a wayar yayansa, na wasu ƙananan mutum-mutumi shuɗɗa, hannuwansu harɗe a ƙirji, kowanne riƙe da fartanya, aka ce daga kaburburan tsohuwar Masar aka tono su. Ya tambaye ni ko gumaka ne da ake bauta wa, na ce ya ba ni kwana biyu, domin ba na son in gaya wa yaro abin da ban tabbatar ba. Don Allah mai sani ya taimaka.

Tsohon malamin tarihi, Dawakin Tofa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba bauta musu ake yi ba. Sunansu shabti ko ushabti, kuma a wurin masu su 'yan ƙwadago ne. Mutanen Masar na dā sun yi imani cewa bayan mutuwa akwai gonaki a ƙarƙashin mulkin Osiris, wanda suka ɗauka allahn matattu ne, kuma ana iya kiran mamaci aiki a can kamar yadda Fir'auna ke tara talakawa aikin tilas a duniya. Saboda haka sai a rubuta a jikin mutum-mutumin cewa in an kira mai shi noma, ko ban ruwa, ko jidar rairayi daga gabas zuwa yamma, shi ne zai amsa a madadinsa. An fara wannan al'ada kimanin shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ɗaya ko biyu kacal a kabari, daga baya adadin ya kai 401: ma'aikata 365, ɗaya ga kowace rana, da shugabanni 36 masu riƙe da bulala, kowanne yana kula da goma. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano kusa da Luxor a 1922, an sami 413.

Manomin rani, Auyo:
Allah ya saka da alheri, Baba. Ni abin da ya taɓa ni shi ne 'yar jakar da ake zana musu a baya, irin ta zuba iri. Duk wanda ya taɓa wuni a fadama yana jan ruwa da jigo har bayansa ya ƙage ya san abin da ya sa mutanen nan suka ji tsoron a tashe su noma bayan sun kwanta dama.

Malamin firamare, Gwaram:
Na gode ƙwarai. Gobe zan shiga aji da fartanya in yi musu bayani, in kuma nuna musu inda wannan imani ya saɓa da namu. Baba, shin talaka ma yakan sami nasa, ko sai sarakai da masu hali?