Wane tsuntsu ne wannan ja da ke zuwa bakin famfona, kuma yaya zan ɗauke shi hoto da waya?

Maman Sadiya, Rikkos:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masu sanin tsuntsaye da masu hoto.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma kekena yana jikin tagar da ke kallon tsakar gida. Akwai famfo a wurin da yake ɗan ɗiga idan an kawo ruwa, ga bishiyar gwaiba a gefensa. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, kullum da safe bayan yara sun tafi makaranta sai wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye su sauko. Ɗaya ja ne wur, ɗayar ruwan ƙasa ce da ɗan ja a gindin jela. Tare suke zuwa, su sha ruwa, su tsinci accar da ta zube inda nake rairaya. Wallahi har tsayar da keke nake don in kalle su.

Ɗan yayata ya ce akwai wani jan tsuntsu a nan Jos da har daga Turai ake zuwa ganinsa. Ko shi ne wannan? Sannan duk hoton da na ɗauka da wayata, ɗigo ja kawai nake gani. In na jawo hoton kusa sai ya yi dishi-dishi, in na fita tsakar gidan kuma sai su tashi fir. Ba ni da halin sayen kyamara yanzu. Me zan yi?

Baba Mai Ritaya, Bukuru:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Yadda kika kwatanta, baiwar Allah ce. Jan shi ne namiji, mai ruwan ƙasar matarsa ce, in kin lura da kyau za ki ga ita ma tana da ɗan ɗigon ja tsakanin ido da baki. Tsuntsun gida ne, ba ya ƙyamar mutane. Da muna yara a jinkar ɗakin kakarmu suke sheƙa, su shimfiɗa gashin kaza a ciki, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga musu danƙo a gabanta.

Gobe ki duba bakin. Idan ja-ja ne, to baiwar Allah ce ba shakka. Wanda ɗan yayarki yake nufi ɗan'uwanta ne na cikin duwatsu, bakinsa toka-toka ne mai sirkin shuɗi, kuma ba ya shigowa tsakiyar unguwa mai cunkoso. Masu ilimin abin za su yi miki bayani fiye da ni.

Abin da zan ba ki shawara a kai shi ne ruwa. A wannan lokacin na rani, ruwa ya fi hatsi jawo tsuntsu. Ki samu kasko, ko murfin tukunyar ƙasa mai faɗi, ki zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ki sa dutse a tsakiya inda za su tsaya. Roba mai zurfi ba ta yi, santsi gare ta, ƙaramin tsuntsu yana iya faɗawa ya kasa fita. A gidana kurciya ce ke fara zuwa, sai gwara, sai marai in sun ga dama, wani lokaci har ragon maza yakan fito daga cikin shinge yana takunsa a hankali. Jan gwada ma yana sha, kurege kuma sai ya tabbata ba kowa.

Na ji daɗi ƙwarai da na ga mace mai sana'a tana tambayar sunan tsuntsu. Mu da muka tashi muna ganin angulu cike da mahauta da bayan kasuwa, yau jikokina ba su san kamanninta ba sai a littafi. Tun 2015 aka sa irin angulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda masu kama ta don haɗa magani da kuma mushen da ake sa wa guba. A gaban idonmu ta tafi, ba mu ko ɗauki hotonta ba.

Mai Hoto Ɗan Dilimi:

Hajiya barka da aiki. Ni hoton biki da suna nake ci da shi, tsuntsaye kuwa sha'awa ce kawai, amma ga abin da na sani.

Ki daina jawo hoton da yatsu. Yawancin wayoyinmu ba jawo abu suke da gaske ba, yanke tsakiyar hoton suke su buɗa shi, shi ya sa kike ganin dishi-dishin nan. Da waya ba ke za ki je wurin tsuntsu ba, shi za ki sa ya zo wurinki. Tunda Baba ya kawo maganar kasko, to ki ajiye shi kamar taku biyu ko uku daga tagarki. Kada ki kai shi can rana ɗaya, ki riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan daga bakin famfon har su saba.

Ki buɗe gilashin tagar tun kafin su zo, don gilashi yana dawo da haske kuma wayar takan kama ƙurar jikinsa ta bar tsuntsun. Ki saki labule ki bar 'yar kafa daidai idon kyamara. Wayar kuma kada ki riƙe ta a hannu, ki jingina ta da wani abu a kan dakalin taga, ki kashe ƙarar ɗaukar hoto da fitilar nan mai walƙiya. In kina da abin sauraro na kunne mai igiya, a wayoyi da yawa maɓallin ƙara sauti na jikinsa yana ɗaukar hoto, kin ga kina zaune a kan kekenki za ki danna ba tare da kin motsa ba.

Haske shi ne rabin aikin. Rana ta kasance a bayanki, tana haska tsuntsun, ba tana kallon kyamara ba. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe ya fi, da kuma bayan la'asar. Tsakar rana jan jikinsa zai ƙone a hoto, idonsa ya shige inuwa. Ki taɓa kaskon a fuskar wayar ki ɗan danne har ta tsaya a kansa, sannan ki ɗan rage haske. Kuma don Allah a wannan hazon ki riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi kullum, ke da ba ki rasa ƙyalle ba.

Dabarar da ta fi yi mini amfani da ƙananan tsuntsaye ita ce bidiyo. Ba sa tsayawa wuri ɗaya, kafin ki danna sun juya kai. Ki sa bidiyo a mafi ingancin da wayar take da shi, ki bar shi yana tafiya, daga baya ki bi a hankali ki tsayar inda idon ya fito tar, ki ɗauki hoton fuskar wayar. Idan ido ya fito, hoto ya yi, ko da jelar ta ɗan gauraye.

Wani abu kuma: ki kafa busasshen reshe kusa da kaskon. Tsuntsu yana son ya sauka a sama ya duba kafin ya sha, kuma hoton da ke kan reshe ya fi na kan siminti kyau nesa ba kusa ba. Ki duba abin da ke bayan reshen, kada ya zama bokiti ko shanya.

Ɗalibar Naraguta:

Anti sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, fannin nazarin dabbobi, kuma tambayarki ta faranta mini rai.

Maganar Baba gaskiya ce. Wanda ɗan yayarki ya ji labari shi ne wanda ake kira Rock Firefinch a littattafai, na rubuta sunan don ki iya nemansa a intanet. Sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, ta hannun wani Ba'amurke mai suna Robert Payne. Namijin bayansa ja ne sosai, kansa na da toka-toka, bakinsa kamar yadda Baba ya faɗa. Yana zama ne a gindin manyan duwatsu masu ciyayi da sarƙaƙiya, a nan tsaunukan Filato da wasu wurare ƙalilan har zuwa duwatsun Mandara na iyakar Kamaru.

Yadda aka gano shi ne ya fi burge ni. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai matarsa ta je ta saka ƙwanta a sheƙar irin waɗannan jajayen. Ba ta zubar da ƙwan masu gida, tare ake ƙyanƙyashe su a ciyar da su, domin zanen cikin bakin ɗanta ya yi kama da na 'ya'yan gidan, iyayen ba sa bambancewa. Idan namijin ya girma, waƙar uban riƙonsa yake rerawa. Kowane jinsi na baƙaƙen nan yana da gidan da yake kai ƙwansa. To na Filato, da aka saurari waƙarsa, sai bin diddiginta ya kai masana ga wannan ja na cikin duwatsu.

Ita ma baiwar Allah tana da nata mai kawo mata ƙwai. Saboda haka Anti ki sa ido, in kin ga ɗan baƙi mai sheƙi da farin baki da ƙafafu ja-ja yana bin su, shi ne.

In kina son ganin na dutsen, wurin da aka fi saninsa shi ne dajin Amurum da ke Laminga, a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kamar kilomita 15 daga cikin gari. Faɗinsa wajen hekta 300 ne, amma an ga tsuntsaye fiye da iri 300 a ciki. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ake kira APLORI, an kafa ta a 2001 kuma tana ƙarƙashin jami'armu. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa yin digiri na biyu a can. Wurin bincike ne, sai an nemi izini kafin a shiga.

Ki sauke manhajar Merlin, kyauta ce, kina sa mata hoto za ta kawo miki sunayen da take zato, amma ki riƙa gwadawa da abin da idonki ya gani, takan yi kuskure. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, wanda mutane irinmu ke tura sunayen abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi. Kurciyar tsakar gidanki ma ana buƙatar a rubuta ta.

Maman Sadiya, Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba da safe, bakin ja-ja ne, har da ɗan zobe rawaya kewaye da idon namijin. Na ajiye kasko. Sai dai kyanwar maƙwabta ta fara kwanciya a ƙarƙashin gwaibar, hankalina bai kwanta ba. Kuma maigidan ya ce ruwa a ajiye sauro zai tara mana.

Abban Haidar, Anguwar Rogo:

Ni dai ina tare da maigidanki a nan. Mun sha fama da zazzaɓi a gidajenmu, bai kamata a ƙara wa sauro wurin haihuwa ba. Hatsin da ake watsawa kuma ɓera yake kira. Sha'awa ba laifi ba ce, amma lafiyar yara ta fi.

Baba Mai Ritaya, Bukuru:

Abban Haidar, damuwarka a kan hanya take, shi ya sa ba a barin ruwan ya kwana biyu. Sauro yana buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi. Wanda ke zubar da ruwan kullum da yamma, ya cuɗa kaskon ya kife shi, da asuba ya zuba sabo, bai ba sauro komai ba. Wankin ma yana kare tsuntsayen daga cutar da suke ɗauka a ƙazamin ruwa. Tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan gida su ne abin tsoro. Hatsi kuwa tafin hannu ɗaya ya isa, wanda za su cinye kafin hantsi, a share saura.

Kyanwa ita ce babbar matsala 'yata, kada ki raina ta. Ki ɗora kaskon a kan bulo uku ko kututture, a fili inda ba ta da wurin laɓewa kusa, yadda za su hango ta tun daga nesa. In hakan bai yi ba, gara ki janye ruwan da ki tara mata su.

Yaran unguwa masu danƙo kuma, kira su za ki yi ki nuna musu hoton a waya. Na gwada da jikokina, wanda ya fi kowa harbi shi ne yanzu yake zuwa gaya mini ya ga cilakowa a kan ɗorawa.

Mai Hoto Ɗan Dilimi:

Ƙari ɗaya Hajiya, tunda 'yar'uwarmu ta ambaci fita daji. Ranar da za ki fita, ko Laminga ne ko wajen duwatsun Shere ko bakin dam na Lamingo, kada ki tafi ke kaɗai, ki tafi da maigida ko wanda ya san mutanen wurin. A gaida masu gona, a faɗi abin da ya kawo ku. Kin san garinmu, mutum ya tsaya yana saita waya ko madubin hangen nesa ba bayani, za a yi masa wata fassara. Kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki kuwa, ko wane irin tsuntsu ne ki mayar da wayar jaka.

In kuma kin samu sheƙarsu a cikin gida, ki bar ta, kada ki kai kyamara bakinta. Yawan leƙe yana sa iyaye su gudu su bar ƙwai, kuma hankaka yana lura da inda mutum yake yawan zuwa.

Ɗalibar Naraguta:

Anti, game da ɗan baƙin nan, yanzu ne lokacin nemansa. Daga ƙarshen damina zuwa farkon rani namijin yake sanye da baƙin gashinsa, bayan haka yakan sauya ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar matarsa, sai gane shi ya yi wuya. Yakan hau can ƙololuwar bishiya ko wayar lantarki ya daɗe yana waƙa a wuri ɗaya. In kin same shi ki ɗauki bidiyo da sautinsa, ki turo mana mu saurara tare.