Wa ya san tarihin Bukky Ajayi, tsohuwar nan da aka karrama tare da Sadiq Daba?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare ina neman tsofaffin bidiyon marigayi Sadiq Daba a YouTube saboda Babanmu har yanzu Bitrus yake kiransa, sunan da ya fito da shi a wata tsohuwar dirama ta talabijin, sai na ci karo da inda aka ba shi lambar yabo a bikin karrama 'yan fim na Afirka, AMVCA, na 2016, ashe su biyu aka karrama a ranar, shi da wata tsohuwa da aka turo a keken marasa lafiya, mutane duk suka miƙe mata tsaye ita kuma tana kuka tana neman yafiyar duk wanda ta taɓa ɓata wa rai. Wallahi sai da na share hawaye. Fuskar na san ta sarai, na sha ganinta a finafinan kudu tana fitowa uwa ko kaka, amma sunanta sai jiya na riƙe. Don Allah wanda ya san tarihinta ya ɗan ba mu.

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai wannan ba ƙaramar mace ba ce. An haife ta 1934, gwamnati ta tura ta Ingila karatu, ta yi karatun wasan kwaikwayo a Landan, ta dawo gida 1965. A 1966 ta kama aiki a gidan talabijin a Legas, tun kafin a sa masa suna NTA, ta yi gabatar da shirye-shirye har da na yara, ta karanta labarai, daga baya ne ta koma fitowa a dirama. Mu da muka yi aiki a Legas lokacin a Village Headmaster muka santa, zamanin da akwatin talabijin ɗaya ne a duk layi, baƙi da fari, yara na leƙe ta taga. Ta kuma fito a Checkmate na Amaka Igwe farkon shekarun 1990. Abin da da yawa ba su sani ba, ta musulunta, sunanta Zainab. Ta rasu 6 ga Yuli 2016 a Surulere tana da shekara 82, ranar ƙaramar sallah, wata huɗu kacal bayan wancan bidiyon da kika gani. Allah ya jiƙanta.

Maman_Sadiya:
Amin baba. Ni abin da ke min ciwo kenan, irin su su ne ginshiƙin fim amma ba a sa hotonsu a fosta. Na ɗan yi wasan dandamali lokacin ina jami'a kuma uwa aka riƙa ba ni, da farko haushi nake ji, sai malaminmu ya ce min jaruma tana da awa biyu ta nuna wace ce ita, ke minti biyar gare ki, a cikin minti biyar ɗin nan sai na bayan zaure ya gane ke uwa ce mai zafi ko mai sanyi tun daga yadda kika ɗaura zani da yadda kika zauna a tabarma. A nan na gane aikin ya fi wuya. Ku lura da Bukky Ajayi, ba ta cika ihu ba, kallo ɗaya za ta yi wa surukar ta ɗan karkata kai, shi kenan ka san yau gidan ba zaman lafiya, kuma maganarta kowace kalma fes take fita, wannan horon mai karanta labarai ne, ba a samunsa a kwana ɗaya.

Abba_Fagge:
Gaskiya aunty kin faɗi abin da ke raina. Mu ma a nan haka ne, ku duba marigayiya Saratu Gidado Daso, shekara ashirin da ɗoriya tana fitowa a muguwar uwar miji ko kishiya ko 'yar tsegumi har wasu na ɗauka halinta ne da gaske, alhali in ka cire ta daga fim ɗin labarin ma ba zai tsaya ba don ba wanda zai takura wa jarumar. Sai da ta rasu cikin azumin 2024 aka fara jero yabo. Ita Bukky aƙalla an miƙe mata tsaye da ranta ta gani da idonta.

Ummu_Hanifa:
Allahu akbar, ranar sallah kuma. Na gode baba, na gode muku duka. Na nuna wa Babanmu bidiyon yanzu, yana ganinta ya ce ai ya santa, ya ce in ƙara mayar masa baya wajen da take neman yafiya. Baba Tsohon_Ma'aikaci ko ana samun tsofaffin Village Headmaster ɗin a intanet? Yana so ya kalla bayan isha'i.