Maiƙon kaina ne ke fito min da ƙuraje a goshi, ko man da nake shafawa?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Shekarata 24, kuma tun tasowata fatar kaina mai maiƙo ce. In na wanke kai yau, jibi in na goga yatsa a tsagar gashi sai ya fito yana ƙyalli kamar na taɓa injin keken ɗinki. Wata huɗu ke nan wasu ƙananan ƙuraje suka yi min layi a goshi, daidai inda gashi ya fara, har suka gangaro gefen kunne. Ba su yi ja ba, ba sa ciwo, sai dai in na shafa hannu na ji su kamar yashi. In na matse ɗaya sai wani farin abu kamar zare ya fito. Kumatuna da haɓata kuwa lafiya lau.

Yayata ta ce maiƙon ne ya toshe ƙofofin gashi, wai gashin ma ba ya samun iska, in ban yi hankali ba gaban goshina zai zube. Abin dariyar shi ne ita ce ta ba ni wani man gashi mai kauri da nake kwantar da gashin gaba da shi kullum da safe, da dare kuma in bi da man kwakwa. To wanne ne mai laifin? Ko kullum zan riƙa wanke kai?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye wannan man kawai ki gani. Ni ma haka ya yi min bayan haihuwata ta biyu, na yi ta sauya sabulun fuska a banza, ashe rigar filo ce ta sha mai ta ƙoshi, ni kuma ina kifa fuska a kai har safe. Ki riƙa sauya ta duk bayan kwana uku, ki ɗaure gashin da dare. Sannan ki riƙa turara fuskar da ruwan zafi, ƙofofin su buɗe dattin ya fita.

Anti Nas:
'Yar Auta, inda ƙurajen suka tsaya ya riga ya ba ki amsa. Da jikinki ne ya tayar da su da kansa, da wuya su bar kumatu da haɓa su zaɓi bakin gashi kaɗai.

Ga yadda abin yake. Kowane ramin gashi yana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo, kuma babu inda suka yi yawa a jiki kamar fuska da fatar kai. Maiƙon shi kaɗai ba ya toshe komai, ruwa-ruwa ne, fitowa yake yi. Toshewa tana zuwa ne in matattun ƙwayoyin fata suka manne a bakin ramin suka cakuɗe da maiƙon. Wannan shi ne farin zaren da kike matsowa. In bakin ramin a buɗe yake, iska ce ke sa kansa ya yi baƙi, ba datti ba. A tsakiyar kai gashi mai kauri yana tura abin waje yayin da yake tsiro, amma a goshi gashin siriri ne ƙwarai, shi ya sa nan ne ake shan wahala.

Kuma naki ba sabon abu ba ne. Tun 1970 wasu likitocin fata uku a Amurka, Plewig da Fulton da Kligman, suka rubuta bayanin irin waɗannan ƙuraje a goshin maza baƙaƙen fata masu shafa man gashi mai kauri kullum, har sunan man aka laƙaba wa ƙurajen. Mai ya narke da zufa ya gangaro, ɗankwali ko hula ta danne shi a kan fata tun safe har dare.

Man kwakwa yana cikin waɗanda suka fi toshe rami a gwajin da aka yi, amma ki sani a kunnen zomo aka yi yawancin gwaje-gwajen nan, kuma kunnen zomo ya fi fatar mutum saurin toshewa. Wata za ta shafa shekara goma ba ta ga komai ba. Ke dai fatarki ta nuna miki ba ta so.

Maman Biyu, ki yi haƙuri, na yarda da maganar filo ɗari bisa ɗari, amma ƙofar fata ba ta da tsokar da za ta buɗe ko ta rufe. Turiri yana tausasa abin da ke ciki ne kawai, in ya yi yawa ma ya ƙara fusata fatar. Batun gashi ya sha iska kuwa, ki gaya wa Yayarki jini ne ke ciyar da tushen gashi daga ciki.

Mai Aski:
Ni dai namiji ne amma bari in sa baki, tunda shekara 15 ina kallon kawunan mutane daga sama. Na ga mai maiƙo kamar an zuba masa da cokali, gashi cunkus. Na ga mai busasshen kai ƙayau, sanƙo ya cinye shi tun bai kai talatin ba. Sanƙo gado ne da sinadaran jikin namiji, ba maiƙo ba. Ku mata kuma abin da ke cin gaban goshinku ɗaurin gashi ne da ake ja kamar za a ciro ƙwaƙwalwa. In kuma ƙurajen a ƙeya ne, masu tauri, masu barin tabo mai tudu, wannan daban ne, askin ƙasa-ƙasa yana ƙara shi. Ni da kaina nake cewa mutum ya tafi wajen likitan fata, ba na ɗora reza a kai.

'Yar Auta:
Tabɗi, ashe da hannuna nake yi wa kaina. Na gode ƙwarai. Amma Anti, dalilin man kwakwar shi ne amosani. Kaina yana ƙaiƙayi yana zubar da farin gari a kafaɗa, na ɗauka bushewa ce.

Anti Nas:
Kan da ke ƙyalli bayan kwana biyu ai bai bushe ba, ƙanwata. Amosani yawanci aikin wani naman gwari ne mai suna Malassezia, kowa yana da shi a fata, kuma mai ne abincinsa. Kin ga ke nan ciyar da shi kike yi duk dare. Man yana kwantar da garin ne ki daina ganinsa, shi ke nan.

Ki nemi shamfu mai ketoconazole, maganin naman gwari ne, ki yi amfani da shi sau biyu a mako na tsawon mako huɗu. A fatar kan za ki murza shi, ba a jelar gashi ba, ki bar shi minti biyar kafin ki ɗauraye. Ba sai kin wanke kullum ba. In za ki sa mai, daga tsakiyar gashi zuwa baki, sannan ki wanke hannu kafin ya kai fuska. Ki riƙa wanke fuska bayan kin gama da gashi, har cikin bakin gashin, da sabulu mai salicylic acid kashi 2 cikin ɗari, sinadarin da ke kawar da matattun ƙwayoyin fata. Ki daina matsewa, baƙin tabon da zai bari ya fi ƙurjin daɗewa. Ki ba shi mako shida zuwa takwas. In ƙurajen ba su tafi ba akwai maganin shafawa mai suna adapalene, amma mai juna biyu ba ta shafa shi, don haka likita ya fara ganin ki.

'Yar Auta:
Na dawo da labari, yau mako bakwai. Ƙaiƙayin ya tsaya tun mako na biyu. Goshin ya fi jinkiri, har na kusa fid da rai, amma yanzu saura 'yan ƙwarori kusa da kunnen hagu, ɓangaren da nake kwanciya a kai. Gashin gaba kam ya miƙe tsaye abinsa, na haƙura ina danna shi da ruwa da buroshi. Gwangwanin man na mayar wa Yaya. Ta ce ita shekara shida tana shafawa ba ta taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba, ta karɓe abinta.